Littafin Ƙorafi Fayau: Yaran Maiduguri Lafiya Suke Ke Nan?

Da wuya a sami unguwa a Maiduguri, daga Gwange zuwa Bulumkutu, daga Shehuri zuwa Hausari, da ba a san irin wannan dare ba. An idar da sallar isha, an ɗauke wuta, jama'a sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida saboda zafi, sai kukan yarinya ya tsallako katanga. 'Yar riƙo ce a gidan maƙwabta, kuma kowa ya san ba yau farau ba. Uwargida ta ce wa maigidanta abin nan fa ya yi yawa, shi kuma ya ce a bari gari ya waye. In an yi sa'a, washegari magana ta kai kunnen bulama, ya kira mai gidan, a yi nasiha, a ce a rufa wa juna asiri, a shafa fatiha a watse. In ba a yi sa'a ba, magana ta mutu a gindin katanga. Ko ta wace hanya aka bi, alƙalami bai taɓa takarda ba. Amma idan ranar yara ta 27 ga Mayu ta zagayo, ko wani taron masu ruwa da tsaki, akan ji jami'i ya karanto adadin ƙorafe-ƙorafen cin zarafin yara da aka kawo wa hukuma. In adadin ya ƙaru, sai a ji ana cewa duniya ta lalace. In ya ragu, sai a tafa a ce aiki yana kyau.

Masu kukan da masu tafin duk sun karanta lissafin a baibai. Adadin ƙorafin da ya isa ofis ya fi ba da labarin ofishin da jama'ar da ke kewaye da shi: ko sun san da shi, ko suna iya kaiwa gare shi, ko sun yarda da shi. Labarin yawan yaran da ake cutarwa kuwa, ɗan kaɗan yake faɗa. Wannan ba dalili ba ne na daina ƙirge. Dalili ne na ƙirga abin da ya dace, a bayyana shi ga jama'a, a kuma koyi karanta shi.

1. Abin da adadin yake aunawa

Kafin wahalar yaro ta zama layi ɗaya a littafin hukuma, sai abubuwa da yawa sun haɗu. Sai wani ya gani ko yaron ya faɗa. Sai wanda ya gani ya ɗauki abin a matsayin laifi, bai ce tarbiyya ce ko sha'anin cikin gida ba. Sai ya san inda ake zuwa, yana da kuɗin Keke Napep, yana kuma da ƙarfin halin jure kallon da maƙwabta za su yi masa. Sai ya tarar da ma'aikaci a kan kujera, ma'aikacin kuma ya rubuta maimakon ya ce a koma gida a sasanta. Duk inda ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure, yaron ya fita daga lissafi. Masunci a Baga ya san kifin da ke cikin kwale-kwalensa bai isa ya gaya masa yawan kifin Tafkin Chadi ba. Abin da yake nunawa shi ne faɗin komarsa da inda ya jefa ta.

Akwai hujja a kan haka daga cikin gida. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike gida-gida a faɗin Najeriya, inda aka tambayi yara da matasa kai tsaye abin da ya same su. Sakamakon ya nuna kusan yara 6 cikin 10 sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata, waɗanda suka sami wani taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Wannan sakamako ne ya sa Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shekarar yaƙi da cin zarafin yara a Satumban 2015. Idan taimako bai kai ga 5 cikin 100 ba, ƙorafin da ke zuwa ofis zai iya ninkawa sau uku ko huɗu ba tare da an ƙara cutar da yaro ko ɗaya ba. Iyakaci waɗanda suke ɓoye a da sun fara fitowa.

Ƙasashen da suka daɗe suna wannan lissafi sun ga haka da idonsu. A Amurka, malamai da ma'aikatan makaranta na cikin waɗanda suka fi kai rahoton yaran da ake zargin ana cutarwa. Da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, rahotanni suka faɗi warwas, kuma babu mai hankalin da ya ce gidaje sun zama aljanna. Idon da ke gani ne aka rufe. A Ingila kuwa akasin haka aka gani. Bayan labarin mutuwar wani yaro ɗan wata 17 a unguwar Haringey ta birnin Landan ya cika jaridu a ƙarshen 2008, buƙatun da hukumomi ke kai wa kotu na a raba yara da gidajen da ake cutar da su suka yi tashin gwauron zabi. Iyayen Ingila ba su ƙara mugunta cikin dare ɗaya ba. Tsoron sakaci ne ya kama ma'aikata, jama'a kuma suka buɗe ido.

2. Maiduguri da lissafinta na daban

A garin nan lamarin ya fi rikitarwa, domin hanyoyin kai ƙorafi sun yi ta buɗewa suna rufewa tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009. Lokacin da sansanonin 'yan gudun hijira irin su Bakassi, Dalori da Teachers' Village suka cika, ƙungiyoyin agaji sun kafa wuraren wasan yara, suka ɗauki ma'aikatan da aikinsu shi ne bin diddigin yaro ɗaya-ɗaya. Uwa tana iya taka ƙafa 'yan mintuna ta isa tantin da za a saurare ta. Duk da haka shiru ya yi yawa. A Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton mata da 'yan mata 43 da aka yi wa fyaɗe ko aka yaudara da abinci da alƙawarin aure a sansanoni bakwai na Maiduguri, kuma waɗanda ake zargi sun haɗa da shugabannin sansani, 'yan sintiri, 'yan sanda da sojoji. Wa za ka kai wa ƙarar mai riƙe da katin abincinka, ko mai gadin ƙofar da za ka fita? Littafin ƙorafin irin wannan wuri zai iya zama fayau alhali ɓarna tana gudana.

Daga 2021 gwamnatin jiha ta fara rufe sansanonin da ke cikin birni. An rufe Bakassi a ƙarshen Nuwamban shekarar, kuma zuwa Agustan 2022, a lissafin Human Rights Watch, sansanoni takwas aka rufe, abin da ya shafi mutane fiye da 140,000. Ana iya muhawara a kan dacewar matakin, gwamnati tana da hujjarta cewa zaman sansani ba rayuwa ba ce. Abin da ba ya buƙatar muhawara shi ne tasirinsa a kan lissafi. Yaran da a da suke ƙarƙashin idon ma'aikaci guda sun warwatsu, wasu sun koma ƙananan hukumominsu, wasu sun shige unguwannin bayan gari da kangwaye. Idan ƙorafi ya ragu a Maiduguri bayan haka, mai karanta shi a matsayin nasara ya yaudari kansa. Haka ambaliyar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta mamaye babban sashe na birnin: iyalai sun rabu, yara sun ɓace wa iyayensu, makarantu sun zama mafaka, ofisoshi da asibitoci sun shiga ruwa. A daidai lokacin da haɗari ya fi yawa, hanyar rubuta shi ta fi rauni. Sai kuma yanke tallafin ƙasashen waje da ya biyo baya a 2025, musamman na Amurka, wanda ya tilasta wa ƙungiyoyi da dama rage ma'aikata. Duk ma'aikacin da aka sallama ya tafi da rahotannin da zai rubuta.

Ga kuma matsalar abin da za a auna adadin da shi. Ƙorafi 100 a unguwa mai yara 5,000 daban yake da ƙorafi 100 a unguwa mai yara 50,000. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya an yi ta a 2006, kafin rikicin da ya kwaso mutanen Bama, Gwoza, Dikwa, Monguno da sauran garuruwa ya zuba su a Maiduguri da Jere. Borno tana da ƙananan hukumomi 27, kuma akwai yankuna a arewacin jihar, irin su Abadam da Guzamala, da ma'aikatan agaji suka shafe shekaru ba sa iya shiga. Sifilin da ke gaban sunan irin waɗannan wurare shi ne lambar da ta fi kamata ta hana shugabanni barci.

3. Ƙorafi daban, yaro daban, tabbaci daban

Akwai wani ruɗanin da ke faruwa ko da an rubuta. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe tana iya bayyana a littafin 'yan sanda, ta bayyana a cibiyar Nelewa da ke asibitin Umaru Shehu, ta bayyana a Ma'aikatar Harkokin Mata da Ci Gaban Al'umma, sannan a wajen ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. In aka tara alƙaluman kowa, yarinya ɗaya ta zama biyar. A gefe guda kuma, ƙorafi ɗaya a kan gida ɗaya ko makaranta ɗaya zai iya ƙunsar yara da yawa. Lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutane kusan 300 suka tarar, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. A littafi wannan samame ɗaya ne, shekarun da suka gabace shi kuwa babu komai a rubuce.

Saboda haka wajibi ne a raba abu uku: yawan ƙorafin da aka kawo, yawan yaran da abin ya shafa, da yawan waɗanda bincike ya tabbatar an cutar. A Amurka a 2019 an kai rahoto kusan miliyan 4.4 da suka shafi yara wajen miliyan 7.9, amma waɗanda aka tabbatar an cutar kimanin 656,000 ne. Duk wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin lambobin nan ya kira shi da sunan ɗayan ya ɓatar da mai sauraro. Mu ma a nan muna da misalin lissafin da ya yi amfani domin an fayyace abin da ake ƙirgawa. Ƙarƙashin ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1612 na 2005, ana tattara manyan laifuffuka shida da ake yi wa yara a fagen yaƙi, kuma ba a shigar da labari sai an tantance shi. A kan wannan turba 'yan sintirin Ƙato da Gora suka sa hannu a yarjejeniyar daina amfani da yara a Satumban 2017, aka bi sahu aka tantance, aka sallami yara 833 a Oktoban 2018 da wasu 894 a Mayun 2019 a nan Maiduguri. Waɗannan lambobi suna da ma'ana saboda an san ma'anar kowane ɗaya a cikinsu, an kuma san abin da ya biyo baya.

4. Abin da ya kamata a riƙa ƙirgawa

A Janairun 2022 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Borno, kusan shekara 19 bayan dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003. Doka ta samu, kuma akwai ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta da ma'aikatar mata da ƙungiyoyin agaji ke amfani da ita wajen bin diddigin lamarin kowane yaro. Abin da ya rage shi ne a mayar da hankali daga jimilla zuwa tambayoyin da ke nuna ko tsarin yana aiki. Ta farko: wa ya kawo ƙorafin? Idan duka daga ma'aikatan ƙungiyoyi yake zuwa, babu daga malaman firamare, unguwarzoma, limamai, alarammomin tsangaya da bulamomi, to tsarin baƙo ne a garin, kuma ranar da kuɗin baƙi ya ƙare zai tafi tare da su. Ta biyu: kwana nawa tsakanin faruwar abu da kawo shi, kuma awa nawa tsakanin kawo shi da zuwan ma'aikaci? Wannan ba ƙa'idar ofis kawai ba ce. Maganin da ke kare wadda aka yi wa fyaɗe daga kamuwa da cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, don haka yawan yaran da suka isa asibiti kafin cikar wa'adin ya fi jimillar shekara faɗin gaskiya.

Ta uku: ina aka kwana? Nawa aka bincika, nawa suka sami magani ko mafaka, nawa aka mayar makaranta, nawa suka kai kotu, nawa aka yanke wa hukunci, nawa kuma aka janye saboda dangi sun matsa a kashe magana? Ta huɗu: yara nawa aka sake kawo ƙorafinsu bayan an ce an gama? Yaron da ya dawo karo na biyu shaida ne cewa sulhun farko bai kare shi ba. Ta biyar, wadda aka fi mantawa: su wa babu su a littafin? Binciken 2014 ya ce yaro namiji 1 cikin 10 ya fuskanci lalata, to in littafinmu kusan duka mata ne, samarin suna ina? Ina almajiran da ke kwana a tashoshin mota da bakin kasuwa, ina 'yan talla da 'yan aikin gida, ina kurame da masu taɓin hankali waɗanda ba sa iya faɗa da bakinsu? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mafi munin rashin sani shi ne wanda ke sanye da rigar alƙaluma.

5. Masu ja da wannan magana

Wani zai ce bayyana irin waɗannan alƙaluma tonon silili ne ga jihar da ta sha baƙin suna, kuma zai ba maƙiya abin faɗa a kan addininmu da al'adunmu. Damuwar tana da tushe, an sha yi wa Arewa kuɗin goro. Sai dai ɓoyewa ba ta taɓa hana baƙi rubuta namu labarin ba, ta dai bar su su kaɗai da alƙalami. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jihar da ta ce ga ƙorafin da muka karɓa, ga abin da muka yi a kai, ta fi mutunci a idon duniya a kan wadda ta ce babu komai har sai wata ƙungiya daga waje ta zo ta bankaɗo. Kare maraya da mai rauni kuwa ba darasi ba ne da muka jira wani ya koya mana. Huɗubobin Juma'a cike suke da shi.

Wani zai ce wannan hanya ce ta shigar da hukuma tsakanin uba da ɗansa, har tsawatarwa ta zama laifi, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amsar tana cikin lissafin kansa. Rarrabe ƙorafi da tabbaci shi ne ke kare iyayen kirki daga sharrin maƙwabci mai gaba ko kishiya mai neman fansa, domin zargi ba ya zama hukunci sai an bincika. Kuma al'umma ba ta taɓa kasa bambanta tsawatarwa da ƙona hannun yaro a wuta, ko ɗaure shi da sarƙa, ko hana shi abinci kwana da kwanaki ba. Sulhun bulama ma ba a ce a soke shi ba. Rigingimu da yawa can ya fi dacewa su ƙare. Abin da ake nema shi ne a san an yi, a koma a duba yaron bayan wata ɗaya, sannan manyan laifuffuka irin fyaɗe su wuce zauren bulama zuwa asibiti da kotu.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi: idan aka zuga jama'a su kawo ƙorafi alhali babu ma'aikata, babu mota, babu gidan ajiye yaro, za a fallasa yaron a banza a mayar da shi hannun wanda ya cuce shi, a kuma kashe gwiwar mai kawo ƙara na gaba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ƙirga ƙorafi kaɗai yake da haɗari. Jami'in da aka auna shi da ƙarancin ƙorafi zai kori masu zuwa. Ƙungiyar da aka auna ta da yawan ƙorafi za ta cika fom don ta burge masu ba da tallafi. Wanda aka auna shi da abin da ya sami yaron bayan ƙorafi ba shi da mafita sai ya yi aikin. Sannan tazarar da ke tsakanin waɗanda aka kawo da waɗanda aka taimaka ita ce hujjar da kwamishina zai ɗauka ya tafi da ita gaban majalisa lokacin kasafin kuɗi. Batun sirri kuwa, jama'a lambobi kawai suke buƙata. Suna, hoto da unguwar yaro amana ce da ba ta wuce ma'aikacin da ke riƙe da fayil, kuma kafafen da ke yaɗa fuskokin yaran da aka ci zarafinsu a Facebook da sunan neman adalci suna ƙara wa wasu iyayen dalilin yin shiru.

6. Abin yi

Ma'aikatar harkokin mata ta jiha ita ce ta dace ta zama matattara, inda 'yan sanda, asibitoci, kotuna da ƙungiyoyi za su riƙa zuba alƙalumansu da ma'ana iri ɗaya, kowane yaro da lambarsa guda don kada a ƙirga shi sau biyu. Duk wata uku a fitar da taƙaitaccen bayani, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da Hausa da Kanuri, a karanta a rediyo. Masarautar Shehun Borno, ta hannun hakimai, lawanai da bulamomi, za ta iya buɗe hanya mai sauƙi da za a riƙa sanar da abin da aka sasanta a unguwa, ko da ta waya ce. Lokaci-lokaci kuma a sake irin binciken gida-gida na 2014 a matakin jiha, wataƙila da haɗin gwiwar Jami'ar Maiduguri, domin shi kaɗai ne zai nuna ko cutarwar kanta tana raguwa.

Mu 'yan jarida da masu sauraro ma da namu aikin. Duk sanda jami'i ya karanto adadi, a tambaye shi daga ina ƙorafin ya fito, yara nawa ne, nawa aka tabbatar, nawa aka taimaka cikin lokaci, wace ƙaramar hukuma ce ba ta kawo ko ɗaya ba, kuma me ya sa. Idan tsarin ya fara aiki da gaske, abin da za a fara gani shi ne ƙaruwar ƙorafi, wataƙila na shekaru. Gwamnati ta shirya wa wannan tun yanzu, 'yan adawa kuma su ji tsoron Allah kada su mayar da shi makamin siyasa, domin shugaban da aka zaga saboda adadi ya hau zai koyi yadda ake saukar da shi a takarda, yaran kuwa suna nan inda suke.